Sana'ar Burodi da Masa a Gidajen Tamale: Ina Halal Yake, Ina Ha'inci Yake?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

A Zangon Tamale da unguwannin da ke kewaye da shi, gidaje da yawa da tanda suke ci. Uwa ta kwaɓa, 'ya'ya su gasa burodi ko su toya masa, ƙosai da funkaso, maigida ko ɗa ya ɗora a babur zuwa kasuwar Aboabo da babbar kasuwar gari, ko zuwa Savelugu da Kumbungu, inda kasuwa ke ci duk kwana shida. Sana'a ce mai albarka, amma tana da wuraren da ƙafa ke zamewa.

Matsin yana farawa ne daga fulawa. Kusan duk alkamar da ake ci a Gana shigo da ita ake yi ta tashoshin ruwa na Tema da Takoradi, a niƙa ta a can, sannan a yi mata doguwar tafiya a mota zuwa arewa. Saboda haka duk ranar da sidi ya faɗi, buhu ya tashi. A shekarar 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya haɗu da faɗuwar sidi, hauhawar farashi a ƙasar ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba. A irin wannan hali ne Shaiɗan ke kawo shawara.

Shawararsa ta farko ita ce a rage curin ƙullu a boye, a bar kuɗin yadda yake. Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu tauye mudu. Ƙara kuɗi a fili halal ne, rage girma ma babu laifi idan an sanar da mai saye. Abin da aka hana shi ne ya tafi yana zaton ya samu abin da ya saba samu.

Ta biyu ita ce algus. Akwai masu zuba sinadarin buromet don burodi ya kumbura ya yi kyan gani, alhali hukumomin lafiya sun hana shi, domin bincike ya danganta shi da cutar daji. Haka nan cusa burodin jiya a ƙarƙashin na yau. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ciki, sai ya tsawata masa don bai fito da jiƙaƙƙen sama ba. Na jiya a ware shi, a faɗa, a sassauta kuɗinsa.

Ta uku a cikin gida take. Jarin mace nata ne, miji ba ya taɓa shi sai da yardarta, kuma ribarta ba ta sauke masa nauyin ciyarwa. Yaran da ke taimakawa kada talla ta raba su da makaranta. A tanadi littafi a riƙa rubuta kuɗin fulawa, sukari, itace da bashin 'yan sari, domin yawancin rigimar 'yan uwa daga rashin rubutu take tasowa. Da littafin ne kuma za a gane ko dukiya ta kai nisabi ta shekara, a fitar da zakka, kashi 2.5 cikin 100.

Ta ɓangaren hukuma, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana ta fito da tsarin lasisi hawa-hawa a 2020 domin ƙananan masu sana'a. Ana farawa daga matakin ƙasa, a riƙa gyara tsafta har a kai na sama. Wanda ya yi rajista ya samu ƙofar kai kayansa manyan kantuna.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu daga cin haram. Amin.