Cinikin Da Ke Gudana A Saiwar Wake

Duk wanda ya taɓa tumɓuke wake ko gyaɗa ya ga waɗansu 'yan ƙululai a jikin saiwa. Waɗannan ba cuta ba ce. Masauki ne da tsiron ya gina wa waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira Rizobiya, kuma zamansu tare zaman ciniki ne.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar duniya naitirojin ne, watau sinadarin da manomi ke saye cikin buhun takin zamani. Amma tsiro ba ya iya ɗibarsa daga iska. Baƙin nan ne ke sarrafa shi su miƙa wa mai masaukinsu. A shekarar 1886 Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka bayyana cewa ta ƙululan nan dangin wake ke samun naitirojin, kana a 1888 Beijerinck, mutumin Holan, ya ware ƙwayar kanta.

To, sai dai ba kyauta ake yin aikin ba. Tsiron yana biya da sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, wanda da zai tafi ga 'ya'ya. Saboda haka idan ƙasa ta ƙoshi da naitirojin, sai ya rage ƙululai, domin ba a sayen abin da ke gida.

Ina kuma labarin baƙon da zai ci ya ƙi biya? A 2003 Toby Kiers da abokan aikinta a Amurka suka gwada wannan da waken soya. Suka hana waɗansu ƙululai naitirojin, yadda mazauna cikinsu ba su da abin bayarwa. Sai tsiron ya tauye musu iskar numfashi, yaɗuwarsu ta ragu da kimanin rabi. Ashe mai masaukin yana riƙe da lissafin kowane ɗaki dabam.

Mai karatu na iya dubawa da kansa idan damina ta yi nisa. A tsaga ƙululu ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, ana aiki, in fari ne ko kore, babu abin da ke shigowa. Gero da dawa ba su da irin wannan masauki, shi ya sa manoman ƙasar Hausa ba su yi kuskure ba da suke haɗa su da wake a gona ɗaya. 'Yan kasuwa kuwa sun daɗe da sanin ka'idar: tarayya tana ɗorewa ne muddin kowa na cika mudunsa, ana kuma duba awon.