Ƙudan Taga: Baƙon Da Ke Tona Asirin Asu

A gidajenmu na New Bell, duk wani abu mai fiffike da ya sauka a jikin taga, hukuncinsa feshi ne. Ba mu ga laifin kowa ba, domin sauron Duwala ya koya mana rashin yarda. Amma akwai wani ɗan ƙuda da ya cancanci a dube shi kafin a kashe.

Masana suna kiran jinsinsa Scenopinus, sunan da Bafaranshen nan Latreille ya raɗa masa a 1802. Wanda aka fi sani a cikinsu, Scenopinus fenestralis, masani Linnaeus ya bayyana shi tun 1758, kuma daga kalmar taga ta Latin aka ciro sunansa. Danginsa sun haura nau'i 400 a duniya, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Duwala kuwa tana samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, don haka a nan wurin nemansa shi ne cikin ɗaki, inda ya bushe. Wasu nau'o'insa sun bi kayan fatauci sun zagaye duniya, mu kuma a bakin tashar jirgin ruwa muke.

Gane shi ba wuya. Tsawonsa wajen milimita 5 ne, baƙi, siriri, mai ɗan doro, ba shi da gashin nan mai tauri na ƙudan gida. In ya sauka yakan ɗora fiffike ɗaya bisa ɗaya a gadon bayansa, ya riƙa tafiya a hankali kan gilashi. Ba ya cizo, ba ya shan jini, ba ya bin kwanon abinci.

Aikin duka yana wurin tsutsarsa. Fara ce, doguwa kamar zare, takan kai santimita 2, da ɗan kai mai tauri, tana murɗawa kamar maciji. Mafarauciya ce: tana zaune cikin ƙurar ƙarƙashin darduma da tsagar katako, tana cin tsutsar asu da ta ƙananan ƙwarin da ke lalata fata da ulu. A daji ana samunta a sheƙar tsuntsaye da ramukan da ƙwari suka huda a itace. Da can an zarge ta da cinye kafet, alhali ɓarawon take farauta.

Ke nan, uwargida, in kin ga ƙudan nan ya yawaita a taga, da alama akwai abincinsa a ɗakin. A duba buzu, hular dara, bargon ulu da ƙasan akwatin lefe. Atamfa da shadda auduga ce, asu bai cika kula su ba, sai in an ninke su da gumi ko maiƙo. Masu dilar gwanjo a Nkololoun da teloli na Kasuwar Congo su ma su lura da tagar wurin ajiyarsu.

Feshi a rufaffen ɗaki yana kashe ƙudan, ya shaƙe yara, amma bai cika kaiwa ga asun da ke cikin ninkin kaya ba. Abin da ke aiki shi ne a fito da kaya a kakkaɓe, a shanya su a rana, a share ƙarƙashin darduma har lungu. Tun da rana tana wuya a Yuli da Agusta, gara a yi wannan tsakanin Disamba da Fabrairu, kafin ruwa ya dawo.