Jinyar Zomo Bayan Fiɗiya

A Wurma ta ƙasar Kurfi kowa ya san taure, amma ba kowa ya san ana yi wa zomo fiɗiya don ya bar faɗa ba. To, yara masu kiwo, ku lura. Cikin zomo ba ya son zama wayam. In ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, hanjinsa na iya tsayawa har ya mutu. Sai a hanzarta kai shi wurin likitan dabbobi. Ku ba shi harawa da ruwa, ku keɓe shi a inuwa kwana 10, ku tsare mikin daga ƙuda. Kada ya kusanci mace sai bayan mako 6, gama yana iya ba ta ciki.