Ciwon ido ga 'ya'yan kyanwa: Yaushe ya kamata a je wurin likitan dabbobi?

Ciwon ido na daga cikin larurorin da suka fi addabar 'ya'yan kyanwa a watanninsu na farko, kuma jinkirin 'yan kwanaki kan iya janyo asarar idon baki ɗaya. Sai dai ba kowace kwantsa ce ke buƙatar asibiti ba, don haka yana da kyau mai kyanwa ya san bambancin.

Mafi yawan ciwon na faruwa ne sakamakon murar kyanwa, wadda ƙwayar bairos ta herpes ke haddasawa, ko kuma ƙwayar bakteriya ta Chlamydia. Ƙura, musamman lokacin hunturu, da yakushin 'yan uwa wajen wasa su ma kan jawo shi.

Lokacin da za a iya jira

Idan hawaye ne kawai mai kama da ruwa, idon a buɗe yake tas, kuma ɗan kyanwar na cin abinci yana wasa, ana iya sa masa ido na kwana guda. A riƙa goge kwantsar da auduga da aka tsoma a tafasasshen ruwan da ya huce, daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Idan bayan awa 24 babu sauƙi, a kai shi asibiti.

Lokacin da jira ke da haɗari

Kwantsa mai kauri, rawaya ko koriya, da jan ido da kumburi tare da atishawa da majina, alamu ne na kamuwa da cuta da ke buƙatar magani cikin kwana ɗaya ko biyu.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su: runtse ido ko kasa buɗe shi, yawan sosa shi, farin tabo ko hazo a kan ƙwayar idon, jini, ko idon ya bulluƙo waje. Haka nan idan ya daina cin abinci, domin kyanwar da hancinta ya toshe ba ta jin ƙanshin abinci, kuma ƙarami ba ya jure yunwa da ƙishirwa.

Jarirai na da nasu hukuncin. Idanunsu kan buɗe ne tsakanin kwana 7 zuwa 14 da haihuwa. Idan fatar idon ta kumbura tun kafin ta buɗe, to mugunya ce ta taru a ciki, kuma tana iya lalata idon. Likita ne ya kamata ya buɗe shi ya wanke, ba a ɓare shi da ƙarfi a gida ba.

Kurakuran da ake yi

Babban kuskure shi ne ɗiga wa kyanwa ragowar maganin idon mutane. Wasu daga ciki na ɗauke da sinadarin steroid, wanda ke ƙara zurfafa gyambon ƙwayar ido. Shi ya sa likita kan fara ɗiga wani rini da ke bayyana gyambon kafin ya rubuta magani. Kwalli da ruwan tsimi su ma ba su dace ba, sannan paracetamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Ana samun kulawa a asibitocin dabbobi na jihohi da masu zaman kansu, da na koyarwa a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, Maiduguri da Ibadan.

Kafin a kai ga likita, a ware mai ciwon daga sauran kyanwoyi, a kuma wanke hannu bayan taɓa shi. Allurar rigakafin murar kyanwa, da ake farawa daga mako 6 zuwa 9, na rage tsananin cutar sosai.