Baro da amalanke: Me ya sa har yanzu ɗan dako ke ɗaukar buhu a ka a kasuwannin Kaduna?

A Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da tashar motar Kawo, kusan duk kayan da babbar mota ta sauke sai sun bi ta hannun 'yan dako kafin su isa rumfa. Buhun siminti kilo 50 ne, haka ma na shinkafa, na masara kuwa yakan kai kilo 100. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya haura kilo 55 shi kaɗai.

Amfanin taya shi ne ta karɓi nauyin da gadon baya zai ɗauka. Baro mai taya ɗaya yana shiga lungu, amma wani kaso na nauyin yana kan hannuwan mai turawa, kuma yana saurin kifewa. Amalanke mai taya biyu ya fi zama daram idan an ɗora mafi nauyin kaya a ƙasa, daidai kan tayoyin. Turawa ta fi ja sauƙi ga jiki, domin mutum yana ganin gabansa.

Sai dai taya ba ta da amfani inda babu hanya. Matakala ɗaya, kwata marar murfi ko layin da aka cushe da tebura sun isa su sa a mayar da buhu kan ɗan dako. Wannan ya sa batun ya shafi masu mulki. Kamfanin raya kasuwanni na Jihar Kaduna, wanda ya jagoranci sake gina kasuwanni a zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, yana cikin masu yanke shawarar faɗin layi da inda za a yi gangara a madadin matakala.

Akwai kuma batun doka. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF. Ɗan dakon da ake biya a kan kowane buhu ba shi da wanda zai yi masa rajista. Da yawansu hayar baron ma suke yi kullum. Ranar da bayansa ya riƙe, kuɗin magani daga aljihunsa zai fito, kuma babu abin cefane.