Mai Dasa Haƙori da Ɗigon Ruwan Dasashi

Kafa haƙorin dashe aikin awa ɗaya ne ko biyu. Tsaronsa kuwa na shekaru ne, kuma a nan ake gane gwani. Tun 1965, da Per-Ingvar Brånemark ya kafa wa majinyacinsa na farko ƙusoshin titaniyam a muƙamuƙi a birnin Gothenburg na Suwidin, masu sana'ar suka tabbatar ƙashi yakan rungumi wannan ƙarfe ya riƙe shi gam. Mai wuyar ita ce gane ranar da ya fara sakinsa.

Haƙorin da mutum ya tashi da shi yana da zaruruwan da ke ɗaure saiwarsa da ƙashi. Na dashe ba shi da su. Idan ƙwayoyin cuta suka taru a gindinsa, kumburi yakan gangara ya ci ƙashi, sau da yawa ba tare da mai bakin ya ji ciwo ba. Likita yakan zura siririn ma'auni mai zanen milimita tsakanin dashen da dasashi, ya duba zurfi da jini, sannan ya ɗauki hoton ƙashi. Matsalar hoto ita ce ɓarnar da ta riga ta auku yake nunawa.

Shi ya sa ido ya koma kan ɗan ruwan da ke tsatsa daga gindin dashen. Fararen ƙwayoyin jini da suka zo faɗa da cuta sukan saki wani sinadari mai narkarwa, MMP-8, wanda ke yanyanka kolajin, wato zaren da nama da ƙashi suka ginu a kansa. Timo Sorsa na Jami'ar Helsinki ya daɗe yana bibiyar nau'insa da ya farka yake aiki, har aka kai ga gwajin da ake yi a gefen kujerar majinyaci, irin su ImplantSafe.

Aikin na son natsuwa. Likita ya kare miyau da auduga, ya busar da wurin, ya zura ɗan tsinken takarda mai tsotsa a hankali, ya bar shi daƙiƙa 30. In jini ya ɓata shi, a jefar a sake. Sai a jiƙa shi cikin ruwan gwaji, a tsoma abin karantawa irin na gwajin ciki. Bayan 'yan mintoci layi ɗaya ya fito ko biyu. Ma'aunin da aka fi amfani da shi nanogiram 20 ne a kowace mililita; in sinadarin ya kai shi, layi biyu ke fitowa.

Ina ganin darajar gwajin a wurin mai shan taba, da mai ciwon suga, da wanda ciwon dasashi ne ya zubar masa da haƙoran tun farko. Sai dai layi biyu ba ya faɗin dalili. Ko sumuntin da aka liƙa kan haƙorin ne ya maƙale a ƙarƙashin dasashi, ko buroshi ne ba ya kaiwa lungun, hannu da ido ne za su gano. Daga nan a wanke gindin dashen, a matso da ranar dawowa, a sake gwadawa.