Tambarin kasuwanci: Abubuwan da ya kamata a sani kafin a kai zane maɗaba'a

A kasuwannin Najeriya, mai saye kan gane kaya da alamar da ke jikinsu tun kafin ya karanta sunan da aka rubuta. Giwar First Bank, dokin Union Bank, mikiyar Dangote da ruwan ɗorawar MTN, duk alamu ne da ko wanda bai yi karatun boko ba yana shaida su daga nesa. Irin wannan alama ita ake kira tambari, kuma da ita jama'a ke bambance kayan wane da na wane.

Sai dai ƙananan 'yan kasuwa da dama, daga masu turaren wuta da kilishi zuwa teloli da gidajen burodi, ba su cika ba batun muhimmanci ba. Sukan bar shi ga shagon kwamfuta a haɗa musu cikin 'yan mintuna. Daga baya sai a ga zanen ya cakuɗe a jikin leda, ko ya dusashe a allon talla, ko kuma a tarar wani ya riga su yi masa rajista. Asarar kan shafi kuɗin da aka kashe wajen buga dubban leda da kwali, ta kuma shafi sunan da aka ɗauki shekaru ana ginawa.

Sauƙin zane

Ƙa'idar farko ita ce tambari ya kasance mai sauƙin ganewa da tunawa. Tarihin manyan alamu ya tabbatar da haka. Tambarin farko na kamfanin Apple a 1976 cikakken hoto ne na masanin kimiyya Isaac Newton zaune a gindin bishiya. A 1977 aka sauya shi da tuffa guda ɗaya da aka gatsa, wadda Rob Janoff ya zana, kuma siffarta ce ake amfani da ita har yau. Alamar Nike kuwa, wadda ɗaliba Carolyn Davidson ta zana a 1971 a kan dala 35, lanƙwasa ɗaya ce tak.

A nan gida ma akwai misali. Zanen tutar Najeriya da marigayi Taiwo Akinkunmi ya gabatar a gasar 1959 yana ɗauke da jar rana a tsakiya. An cire ranar, aka bar kore da fari, kuma a haka aka ɗaga tutar ranar 1 ga Oktoba, 1960.

Dalilin wannan ƙa'ida shi ne tambari ɗaya ne zai hau wurare masu bambancin girma: hoton shafin WhatsApp, hatimin roba, aljihun riga, jikin mota da allon bakin titi. Masu zane kan gwada shi ta hanyoyi biyu. Sukan ƙanƙanta shi zuwa girman farcen babban yatsa su ga ko ana gane shi, sannan su buga shi da baƙin tawada kaɗai, domin haka zai fito a rasit da hatimi. Zanen da ya tara inuwa, ƙyalli da ƙananan layuka ba ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje.

Zaɓen launi

Launi biyu ko uku sun wadatar. Kamfanonin sadarwa sun nuna ƙarfin riƙe launi guda: MTN da ruwan ɗorawa, Glo da kore, Airtel da ja. Mai sabon kasuwanci zai amfana idan ya duba launukan da abokan gogayyarsa ke amfani da su, ya kauce musu. Dole kuma rubutu ya bambanta sosai da launin da ke bayansa, domin rubutu mai ruwan ɗorawa a kan farar takarda ba ya karantuwa.

Akwai wani abu da ke yawan haddasa saɓani tsakanin ɗan kasuwa da mai maɗaba'a, wato launin da aka gani a waya ya fito daban a takarda. Fuskar waya da ta kwamfuta na haɗa launi da haske iri uku, ja, kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Injin bugu kuwa yana haɗa tawada huɗu, tsarin CMYK, wanda ba ya iya fitar da wasu launuka masu tsananin haske. Don haka duk zanen da za a buga, a tsarin CMYK ya kamata a shirya shi, a kuma buga samfuri guda a duba kafin a ba da umarnin buga dubbai. Mai zane ya rubuta wa ɗan kasuwa lambobin launukansa, yadda ko a Shomolu ta Legas aka buga ko a Kano, launin zai zama ɗaya.

Salon haruffa

Salon haruffa biyu sun isa: ɗaya na suna da kanun rubutu, ɗaya na sauran bayani. Haruffa masu yawan ƙawa kan burge ido a kusa, amma wanda ke wucewa a kan babur ba zai iya karanta su ba.

Ga masu sunan kasuwanci da Hausa akwai ƙarin abin lura. Salon haruffa da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Idan aka zaɓi irinsu, kwamfuta kan sa ɗan akwati a gurbin harafin, ko ta aro shi daga wani salo dabam, ko kuma mai zane ya yar da ƙugiyar gaba ɗaya. Ta haka ne allon gidan saukar baƙi ke komawa gidan saukar baki. Kafin a amince da salo, sai a rubuta waɗannan haruffa, manya da ƙanana, a ga yadda suka fito.

Fayil ɗin da za a karɓa

Hotunan kwamfuta iri biyu ne. Na farko, kamar JPEG da PNG, an gina su ne da ƙananan ɗigo, shi ya sa suke farfashewa idan aka faɗaɗa su. Na biyu, da ake kira bekta, an gina su da layuka da lissafi, ana iya ƙara musu girma daga katin aljihu zuwa jikin tirela ba tare da sun lalace ba. Manhajojin CorelDRAW, wadda ta yaɗu a maɗaba'un Najeriya, da Adobe Illustrator, da Inkscape wadda kyauta ce, duk suna samar da irin wannan fayil.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗan kasuwa ya biya kuɗin zane, ya karɓi hoto ɗaya ta WhatsApp, alhali manhajar na matse hoto tana rage ingancinsa. Abin da ya dace ya karɓa shi ne ainihin fayil ɗin bekta, da PNG marar launin baya, da nau'in tambarin mai launi, baƙi zalla da fari zalla. Hotunan da za a sa a takardar talla kuwa, ƙa'idar bugu ita ce ɗigo 300 a kowane inci, tare da barin rarar kusan milimita 3 a kowane gefe saboda yanka.

Daidaito a sauran kaya

Tambari ɓangare ne na shaidar kasuwanci. Katin aljihu, takardar wasiƙa, rasit, kwali, rigar ma'aikata da shafukan sada zumunta su ma suna ciki, kuma amfaninsu na fitowa ne idan launi, haruffa da tambari ba su canza daga wannan zuwa wancan ba. Manyan kamfanoni kan rubuta kundin ƙa'idoji a kan haka. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, shafi guda ya isa, mai ɗauke da tambarin, lambobin launi, sunayen haruffa da gargaɗin kada a miƙe zanen ko a matse shi.

Kariya ta doka

Mutane da yawa na zaton rajistar suna a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta kare musu tambari. Ba haka ba ne. Rajistar tambari aikin wani ofishi ne a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Ana farawa da bincike don a tabbatar babu mai irinsa, a shigar da buƙata a rukunin da kayan suka faɗa daga cikin rukunai 45, sannan a wallafa shi a mujallar ofishin, inda ake ba masu ƙorafi wata biyu. Rajistar farko na aiki na shekara 7, bayan haka ana sabunta ta duk shekara 14. Masu kayan abinci, magani da kayan kwalliya kuma za su tarar hukumar NAFDAC na neman shaidar tambari yayin rajistar kaya.

Zanen da aka kwafo daga intanet na iya jawo ƙara, haka nan Canva ba ta yarda a yi rajistar tambarin da aka gina da samfuranta da kowa ke ɗauka ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 kuma ta tanadi cewa a rubuce ake miƙa haƙƙin aiki, don haka biyan kuɗi kaɗai bai wadatar ba, sai mai zane ya sa hannu cewa ya miƙa mallakar tambarin.

Tsarin da ya fi tsare dukiya shi ne a fara da binciken rajista, a gwada zanen ƙarami da kuma baƙi zalla, a karɓi fayilolin da takardar mallaka, a duba samfuri, sannan a biya kuɗin bugu.